ALBAT SHUWAIZA, LIKITAN KURMIN GABON

Ku duba taswirar Afirka. In kun bi bakin teku daga Nijeriya kuka yi kudu, kuka wuce Kamaru, ba da nisa ba za ku iske wata ƙasa ana ce da ita Gabon. Ƙasa ce mai kurmi da ruwan sama mai yawa, ga zafi, ga gumi dare da rana. Wani babban kogi ya ratsa ta, sunansa Ogowe. A bakin kogin nan, sama da mil ɗari daga teku, akwai wani gari ana kiransa Lambarene.

A wannan gari ne wani Bature likita ya kafa asibiti a shekara ta 1913, a nan kuma ya mutu a 1965. Ba gwamnati ce ta aiko shi ba, ba kuwa ciniki ya kawo shi ba. Shi da kansa ya bar gida da daraja da aikin albashi, ya zo ya zauna cikin marasa lafiya waɗanda bai haɗa dangi ko harshe da su ba. Sunansa Albat Shuwaiza, Turawa kuwa suna rubuta shi Albert Schweitzer.

Ƙuruciyarsa

An haifi Albat ran 14 ga watan Janairu, 1875, a wani yanki da a ke kira Alsas. Yankin nan yana tsakanin Jamus da Faransa, a dā kowace tana cewa nata ne. A lokacin haihuwarsa yana hannun Jamus, saboda haka ya tashi yana jin harsunan nan biyu. Ubansa limamin Kirista ne a wani ɗan ƙauye mai suna Gunsbak, a nan yaron ya girma.

Gidansu ba gidan masu kuɗi ba ne, amma sun fi yawancin mutanen ƙauyen samu. Wata rana ya yi kokawa da wani yaro wanda ya fi shi girma, ya kā da shi. Yaron yana ƙasa, sai ya goranta masa, ya ce ai romon naman da a ke ba shi a gida sau biyu a mako shi ya ba shi ƙarfi, da shi ma yana samun haka da ba a kā da shi ba. Maganar nan ta soki Albat ƙwarai. Tun daga ran nan romo ya fita ransa. Aka ɗinka masa babbar rigar sanyi, ya ƙi sawa, domin 'yan ƙauyen ba su da irinta. Ubansa ya yi faɗa, har ya buge shi, amma ya kafe. Takalmi ma sai na katako ya ke so ya sa, irin na 'ya'yan manoma.

Wata rana kuma, yana da shekara bakwai ko takwas, wani abokinsa ya ja shi su tafi harbin tsuntsaye da danƙo. Bai so ba, amma yana jin kunya a yi masa dariya, sai ya bi. Sun laɓe, sun ɗana duwatsu ke nan, sai aka kaɗa ƙararrawar coci. Albat ya yar da danƙonsa, ya kori tsuntsayen, ya sheƙa gida. Daga nan ya fara koyon yin abin da zuciyarsa ta ce daidai ne, ko da mutane za su yi masa ba'a.

A wani birni kusa da su, mai suna Kolma, akwai wani mutum-mutumi na baƙin mutum wanda aka sassaƙa da dutse, fuskarsa cike da tunani da baƙin ciki. Duk sa'ad da aka kai Albat birnin ya kan je ya tsaya yana dubansa. Wannan shi ne farkon abin da ya jawo hankalinsa ga Afirka.

Karatu da kiɗa

Allah ya ba yaron nan baiwar kiɗa. Yana da shekara biyar ubansa ya fara koya masa fiyano. Daga baya ya koma ga ogan, watau wani babban abin kiɗa na coci mai bututu da yawa, wanda a ke dannawa da yatsu, a taka da ƙafafu, iska ta bi ta bututun ta ba da sauti. Yana da shekara tara ya fara yi wa jama'a kiɗa a coci, ƙafafunsa ma da ƙyar su ke kai wurin takawa.

A 1893 ya shiga jami'ar birnin Sitirasbur, ya karanta ilmin addini da ilmin falsafa, watau zurfin tunani a kan rayuwa da gaskiya. Yana kuma zuwa Paris wurin wani shahararren makaɗin ogan mai suna Widor, yana ƙara ƙwarewa.

Wata safiya a shekara ta 1896, ya zo hutu gida, ya farka yana jin kukan tsuntsaye, sai ya shiga lissafa alherin da ya samu. Ga lafiya, ga iyaye, ga ilmi, ga kiɗa, alhali kuwa mutane da yawa ba su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ga bai kamata ya karɓi wannan duka ya riƙe don kansa kaɗai ba. Kafin ya tashi daga gado ya ɗaukar wa kansa alkawari: zai ci gaba da karatu da kiɗa har ya cika shekara 30, daga nan kuma sauran kwanakinsa na taimakon mutane ne. Shekarunsa 21 a lokacin, bai kuwa san irin aikin da zai yi ba tukuna.

Cikin shekara tara da suka biyo baya sunansa ya fito ƙwarai. Ya sami digirin dakta a falsafa a 1899. Ya zama mai wa'azi a wani coci na Sitirasbur, ya zama malami a jami'a, aka kuma ba shi shugabancin gidan da ɗaliban addini su ke zama. A 1905 ya fitar da babban littafi a kan Bak, wani mashahurin mawallafin kiɗa na Jamus. Manyan birane suna gayyatarsa ya yi musu kiɗa.

Malami ya koma ɗalibi

Wajen ƙarshen 1904 ya tarar da wata mujalla ta 'yan Mishan na Paris a kan teburinsa. Ya buɗe, ya ga sun rubuta cewa ba su da isassun ma'aikata a Gabon. Da ya gama karantawa ya ajiye mujallar, ya san ya sami abin da ya ke nema.

Cikin watan Oktoba, 1905, ya rubuta wa iyayensa da abokansa takardu, ya sanar da su zai fara karatun likita, domin ya tafi Afirka. Ba wanda ya ji daɗin labarin. Waɗansu suka ce ya haukace, waɗansu suka ce zai binne baiwar da Allah ya ba shi cikin daji. Malaminsa Widor ya kwatanta shi da sarkin yaƙi wanda ya bar tsara runduna, ya ɗauki bindiga ya shiga sahun dakaru.

Amma Albat yana da dalilansa. Na fari, addininsa ya koya masa ƙaunar maƙwabci, ya kuwa ga ya daɗe yana faɗin wannan da baki, yanzu yana so ya yi shi da hannu. Shi ya sa ya zaɓi aikin likita. Na biyu, ya san irin ɓarnar da Turawa suka yi wa mutanen Afirka, da cinikin bayi, da aikin tilas, da giyar da su ke kawowa. A ganinsa duk alherin da Bature ya yi a Afirka biyan bashi ne, bai kamata ya jira godiya ba. Na uku, ya ga Turai tana da likitoci da magunguna, a can kuwa mutane suna mutuwa da cututtukan da a ke iya warkarwa.

Karatun likita ya ci masa fiye da shekara shida. Da rana yana zaune cikin samari yana koyon sassan jiki da magunguna, da dare yana rubuta littattafai, ran Lahadi yana wa'azi, yana kuma yawon kiɗa don ya biya kuɗin makaranta. Sau da yawa barcinsa kaɗan ne. A 1912 ya auri Helen Bireslau. Ita ma ta koyi aikin jinya, domin ta taimake shi.

'Yan Mishan suka yarda su ba shi wuri a Lambarene, amma kuɗin asibiti sai ya nema da kansa. Ya bi gidajen abokai yana roƙo, ya haɗa da abin da ya samu na kiɗa da littattafai. Ya sayi magunguna da kayan aiki, ya cika akwati 70.

Asibiti a cikin akurki

Shi da matarsa suka shiga jirgin ruwa a Bordo cikin watan Maris, 1913, suka iso Lambarene ran 16 ga Afrilu. Suka tarar ba a gina ɗakin da aka yi musu alkawari ba, ga marasa lafiya kuwa har sun fara isowa cikin kwale-kwale. Da fari a fili ya ke duba su, in ruwa ya taso a kwashe kaya a guje. Sai ya ga wani tsohon akurkin kaji kusa da gidansa, ya sa aka share, aka shafa masa farar ƙasa, aka sa gado ɗaya da 'yan katakai na ajiye magani. Wannan shi ne asibitin Lambarene na farko. Kafin shekara ta ƙare ya gina ɗan asibiti na kwano a bakin kogi.

Cikin wata tara na farko ya duba mutum wajen 2,000. Waɗansu sun yi kwanaki suna tuƙa kwale-kwale kafin su iso. Akwai masu zazzaɓin cizon sauro, da masu ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa, da kutare, da masu atuni, da masu gyambo, da masu ƙaba. Helen ce ke sa wa mara lafiya maganin barci in za a yi fiɗa, ita ke dafa kayan aiki, ita ke lura da tsummokin ɗaure miki.

Likita ba ya jin harsunan ƙasar, saboda haka ba abin da zai iya sai da tafinta. Cikin marasa lafiya ya sami wani mutumin ƙasar mai suna Josef, wanda dā kuku ne, yana jin Faransanci da harsunan wurin. Josef ya zama tafintansa da mataimakinsa. Bai iya karatu ba, amma yana gane kowace kwalbar magani da siffar rubutun da ke jikinta. Ba don irin su Josef ba, da aikin bai yiwu ba.

Kowane mara lafiya a kan ba shi ɗan kwali mai lamba, ya rataya a wuya. In ya komo, sai a duba lambar cikin littafi, a ga ciwonsa da maganin da aka ba shi. Mutane suka sa wa likita suna Oganga, watau mai magani. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne maganin barci, har waɗansu suna cewa ya kan kashe mutum, ya gyara shi, sa'an nan ya tashe shi.

In dare ya yi, aiki ya ƙare, ya kan zauna ya yi kiɗa. Abokansa na Paris sun ba shi fiyano wanda aka lulluɓe cikinsa da ƙarfe saboda gara da laima.

Yaƙi da wahala

A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi. Gabon tana ƙarƙashin Faransa, likita da matarsa kuwa 'yan Jamus ne, sai aka tsare su a gidansu, aka sa soja gadi. Bayan 'yan watanni aka bar shi ya ci gaba da aiki, gama ba wani likita a wurin.

Cikin kwanakin nan ya yi ta tunani a kan abin da ya sa mutane masu ilmi su ke kashe juna. A 1915, yana cikin jirgi a kogin Ogowe za shi duba wata mara lafiya, suna ratsa garken dorina da yamma, sai wata magana ta faɗo masa a rai, watau girmama rai. Ma'anarta ita ce, kowane mai rai yana son ransa kamar yadda mutum ya ke son nasa. Alheri shi ne kiyaye rai da taimakonsa, mugunta kuwa ita ce ɓata shi ba bisa larura ba. Ya riƙe wannan har mutuwarsa. In ana gini, ya kan duba rami kafin a kafa gungume, kada a danne kwaɗo ko wani ƙwaro.

A 1917 aka kwashe su zuwa Faransa, aka tsare su a sansanin fursunoni. Aka sake su a 1918. Ya komo gida ba uwarsa, gama dawakin soja sun tattake ta ta mutu tun 1916. Shi kansa ba lafiya, har sau biyu aka yi masa fiɗa. Helen tana fama da tarin fuka, ga kuma bashin asibiti a wuyansa. A 1919 aka haifa musu 'ya, suka sa mata suna Rena. Bayan yaƙi Alsas ta koma hannun Faransa, shi ma ya zama ɗan Faransa.

Ciwon nan ya ƙara masa wani dalili. Ya ga duk wanda ya taɓa shan azabar ciwo, likita ya cece shi, wajibi ne ya taimaka a kai wa waɗansu irin wannan ceto. Aka gayyace shi ƙasar Suwidin, ya je a 1920 ya yi lacca. Ya zaga garuruwa yana kiɗa yana ba da labarin Lambarene, ya rubuta littafi a kan aikin, da haka ya biya bashinsa, ya tara na komawa.

Komawa Lambarene

Ya koma a 1924. Helen ba ta iya binsa ba saboda ciwonta, ta zauna a Turai da 'yarsu. Wannan rabuwa ta yi musu nauyi ƙwarai, ita ma sadaukarwa ce babba daga wajen matar da yarinyar. Ya tarar ciyawa da gara sun cinye asibiti, jinkuna sun ruɓe. Da safe shi likita ne, da yamma magini. Wani saurayi ɗalibi daga Ingila ya biyo shi don ya taimaka, daga baya likitoci da ma'aikatan jinya suka fara zuwa daga Turai, su ma don sa kai.

A 1925 aka yi yunwa da annobar atuni, wurin ya yi kaɗan. Sai ya nemi fili wajen mil biyu gaba a bakin kogi, aka sare kurmi, aka gina dogayen ɗakuna bisa gungume, aka dasa itatuwan marmari, aka yi lambu. Cikin Janairu, 1927, aka kwashe marasa lafiya zuwa sabon wuri.

Asibitin nan ya fi kama da ƙauye. Mara lafiya ya kan zo da iyalinsa, su dafa masa abinci a bakin ɗaki, su yi jinyarsa. Wanda ya ke da hali ya kawo ayaba, ko ƙwai, ko kaza. Wanda ba shi da kome, ɗan'uwansa ya yi 'yan kwanaki yana aikin lambu ko gini. Likita ya kan tafi Turai lokaci lokaci ya yi kiɗa ya tara kuɗi, ya komo. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya matso, ya zauna a Lambarene tun daga 1939 har 1948 bai fita ba. Helen ta sha wuyar hanya ta iso wurinsa a 1941.

Suna da suka

Bayan yaƙi sunansa ya game duniya. Aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta shekarar 1952, ya je birnin Oslo a 1954 ya yi jawabin karɓa. Kuɗin kyautar ya sa su cikin ginin unguwar kutare kusa da asibiti. A 1957 aka karanta jawabinsa a rediyon Oslo, inda ya roƙi manyan ƙasashe su bar gwajin bam na nukiliya, domin gubarsa tana cutar har 'ya'yan da ba a haifa ba. A shekarar nan Helen ta rasu.

Amma mutum tara ya ke bai cika goma ba. Waɗanda suka ziyarci asibitin a ƙarshen zamaninsa sun ce ya tsufa, ba tsabta yadda ya kamata, awaki da kaji suna yawo ko'ina, ɗakunan jinya ba lantarki. Laifin da ya fi wannan girma shi ne, ya ɗauki mutanen Afirka kamar ƙanne waɗanda kullum sai an bi da su. Ya koya wa waɗansu aikin jinya, amma bai horar da ko ɗaya ya zama likita ba. Gabon ta sami mulkin kai a 1960, duniya ta sāke, shi kuwa ra'ayinsa bai sāke sosai ba. Masu zuwa taimako a bayansa sun koyi darasi daga nan: taimako na ƙwarai shi ne wanda a ke shawartar mutanen wuri, a koya musu, har su riƙe aikin da kansu.

Ya yi ta aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ya mutu ran 4 ga Satumba, 1965, yana da shekara 90, aka binne shi a Lambarene kusa da kabarin matarsa. A lokacin asibitin da ya fara daga akurki yana da ɗakuna wajen 70, yana ɗaukar majinyata wajen 500. A 1981 aka buɗe sabon asibiti na zamani a wurin, da sunansa. Daga baya Lambarene ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Waɗanda suka bi sawunsa

Labarinsa ya motsa mutane da yawa. Wani attajirin Amurka mai suna Melon ya karanta shi, ya bar kiwon shanunsa, ya koyi aikin likita, ya buɗe asibiti a ƙasar Haiti a 1956, ya sa masa sunan Shuwaiza. A zamanin nan kuma ƙasashe suka fara shirya aikin sa kai. Ingila ta sami ƙungiyar aika matasa ƙasashen waje a 1958, Amurka ta kafa tata a 1961, waɗansunsu har sun koyar a makarantun Nijeriya da Gana. Nijeriya ma ta kafa nata shirin a 1987, ta aika da likitoci da malamai da ma'aikatan jinya zuwa waɗansu ƙasashe masu bukata.

Dalilan masu wannan aiki iri iri ne. Wani addini ne ya tura shi, wani tausayi, wani son ganin duniya da koyon sabon abu. Na Shuwaiza ya fara ne tun ran da yaron nan ya yi masa gorin romo, ya gane cewa abin da ya samu ba kowa ya samu ba. Yaron da ya iya karatu ya zauna ya koya wa wanda bai iya ba, ko ya ɗebo wa tsohuwar unguwarsu ruwa, shi ma ya kama wannan hanya, ko bai ƙetare teku ba.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Lambarene ta ke, a bakin wane kogi kuma?
2. Me ya sa Albat ya ƙi sa rigar sanyin da aka ɗinka masa?
3. Wane alkawari ya ɗaukar wa kansa a 1896?
4. Kawo dalilai uku da suka sa ya tafi Afirka.
5. Wane aiki Helen da Josef suka yi a asibiti?
6. Wane laifi aka gani cikin aikinsa, wane darasi kuma aka koya daga ciki?